Kwanon da Bai Isa Ba

Ƙamshin ɓawon lemo ne ya tashe ni daga gyangyaɗin hantsi. Jikata ce a madafin wannan bene da ɗana ya ajiye ni a unguwar Shisha, nan Makka. Ta kankare ɓawon lemon zaƙi a cikin fulawa, ta zuba zabibi, ta tura faranti a murhun lantarki mai ƙofar gilashi, ta koma gefe tana latsa wayarta. Na tambaye ta da Hausa me take gasawa, ta amsa mini da Larabci, ta ce wani abin shan shayi ne na Turawa da ta gani a waya, wai lokacin da zafi ya fara sauka ake yin sa. Na ce mata ai kakar ubanta ta yi irinsa a garin nan tun ba a san lantarki ba. Ta yi dariya ta ce, "Ya Sidi, kai kullum da labari." Haka yaran nan suke kiran kaka namiji. Ban ja da ita ba, ƙarfin jayayya ya daɗe da barina. Amma tun da ƙamshin nan ya shiga hancina na kasa zama lafiya, domin akwai wani kwano da aka aike ni da shi tun ina saurayi, har yau bai isa inda aka aike shi ba. Ban yi karatu mai nisa ba, allo na yi, sai ɗan abin da na tsinta a wurin aiki. Wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri, da ma ba don gwaninta na zauna ba.

Unguwar da na tashi babu ita yanzu. A bayan Jarwal take, inda Takari irinmu suka kafa ɗakuna da duwatsu da tsofaffin garwa da aka fasa aka shimfiɗe. In na bi ta wurin a mota ba na iya nuna ko kusurwa ɗaya, an baje komai, benaye sun haɗiye hatta tudun da muke hawa mu hango raƙuman Jidda. Abin da ya rage mini shi ne kunne. Ina jin dakan mata tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, taɓarya biyu a turmi ɗaya, da ƙararrawar jakai, da kukan sandar masu ruwa idan garwa biyu sun rinjaye ta a kafaɗa, da fiffiken tantabarun Harami idan sun tashi gaba ɗaya. Ladan ma da maƙogwaronsa yake kira, kuma ana ji, don garin yana da shiru a lokacin. Mahaifina ɗaya ne daga cikin masu ruwan nan. Sandar ce ta ci kafaɗarsa, ya rasu ina ƙarami, ya bar Inna da ni da autarmu Hajara.

Inna da ƙafa ta zo Makka. Daga wani ƙauye a ƙasar Kano suka taso ita da mahaifina, suka yi shekaru a hanya, inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago, in an tara a ƙara gaba. A cikin ayarin ta haɗu da wata mata, Ladi, wadda muka tashi muna kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Gwaggo Ladi ta taso da miji da ɗa ɗaya. Ɗan ta binne shi a gefen hanya a ƙasar Wadai, mijin kuma teku ce ta zama kabarinsa ranar da suke ƙetarowa. Ta iso Makka ita kaɗai, tana riƙe da hannun Inna wadda cikina ya yi mata nauyi. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta yanke mini cibiya. Ba ta sake aure ba. Ta sami ɗaki a can wajen Misfala, ta kasa ɗan tire a bakin hanya tana sayar da kanwa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, abubuwan da alhazan gida suke kawowa a ƙasan kayansu.

A wani garin bakin teku a Sudan, kafin su ƙetaro, Inna ta yi wanke-wanke a gidan wani Bature, a ƙarƙashin wani tsohon kuku. Can ta ga ana yin wannan abu. Sunan da kukun yake kiransa bai zauna a bakinta ba, sai ta raɗa masa nata, curin kaka. A Makka babu kaka, babu gona balle a yi girbi, watannin Musulunci kuma zagayawa suke yi, ba su tsaya wa damina ko rani. Amma Inna tana da nata lissafin. Idan ta tsoma hannu a randa da asuba ta ji ruwan ya yi sanyi, idan man shanun da ta ajiye a ƙwarya cikin jiƙaƙƙen tsumma ya kwana a daskare, idan jakan Ɗa'ifa suka fara gangarowa da rumman da inabi, masu lambun kwari kuma suka kawo lemon tsami, sai ta ce, "A gida yanzu an fara yankan gero." Sannan ta ce a share tanderu.

Ba a yin curin nan da zafi, don man narkewa yake yi ya ɓata ƙullun. Ina ganinta yanzu a kan kujera 'yar tsugunno, ta tankaɗe fulawa sau biyu, ta gutsuttsura daskararren man a ciki, tana murzawa da kan yatsu kawai har ya koma kamar tsakin dawa. Ɓawon lemon da ta kankare da bakin wuƙa, kore da ruwan ɗorawa, ban da farin ciki don yana da ɗaci, sai zabibi da ta jiƙa, wani lokaci da yankakken dabino. Daga nan sai kindirmo mai tsami da ɗan ruwan kanwa da aka tace. Kanwar ce ke sa shi ya tashi. Tana zubawa sai ta haɗa da sauri, juyi uku ko huɗu, ta tsaya. Idan Hajara ta sa ƙarfi kamar mai tuƙin tuwo sai Inna ta buge mata hannu ta ce, "Ba faɗa kuke yi ba. Mai nauyin hannu dutse yake gasawa." Ta faɗaɗa shi da tafi, ta yanka da bakin kofin shayi, ta jera a faifan ƙarfe, ta saka a tanderun da ta gina da fasasshiyar randa, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin. Kafin ka karanta Yasin sau biyu ƙamshi ya kai gida na biyar. Na jikata ya fi na Inna kyan gani, gaskiya ce. Amma hodar gwangwani take zubawa, kuma ko maƙwabcin da muke haɗa bango da shi bai san an yi ba.

Gashin farko ba a cinsa a gidanmu. Na Gwaggo Ladi ne. A wani kwano mai ruwan shuɗi ake zubawa, wanda ya biyo su tun daga hanya, duk ya ɓaɓɓalle a baki. Ita kuma ba ta taɓa maido shi wofi ba: curin kanwa take sakawa a ciki, mai kyau, wadda ta zaɓa ta ware tun da alhazai suka sauka. Da ita Inna za ta yi na baɗi. Ma'anar abin a tsakaninsu ita ce, muna nan, Allah ya kai mu wata shekarar tare. Ba su taɓa zama sun faɗe shi da baki ba. Ni kuwa a lokacin ban san da zancen kanwar nan ba sam. Aiken mata ne, Hajara ke kaiwa ta dawo, ni ci kawai na sani.

To ga inda laifina ya fara. Da na tasa, sai na sami aiki a wurin wani muɗawwif, ina zagayawa da alhazai ina ja musu addu'a. Bakina ya faɗa da Larabcin gari fiye da na sa'o'ina. Na ɗinka farar riga irin ta 'yan birni, na koyi naɗa ƙyalle a kafaɗa, na fara zama a wani gidan gahawa da ke kan hanyar Misfala tare da samarin da iyayensu ke da shaguna. Suna tsokanata da "ya Takruni", sunan da Larabawa ke kiran Takari da shi, ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Duk sun san daga inda na fito, ni kaɗai nake ruɗin kaina. Na daina Hausa a waje. Idan na biyo ta gaban tiren Gwaggo Ladi ina tare da su, sai in sami wani abu in kalla a ɗaya gefen titin. Matar da ta yanke mini cibiya. Sau nawa na yi haka, Allah ne ya sani.

Wata rana a gidan suna, cikin taron mata, Gwaggo Ladi ta kasa haɗiyewa. Hajara ce ta ba ni labari. Ta ce Gwaggo ta dubi Inna ta ce, "Ɗanki fa ya zama Balarabe. Jiya ya wuce ni kamar ya wuce turken jaki. Ki ja masa kunne tun bai manta hanyar ɗakinki ba." Mata suka yi dariya. Ni ɗan fari ne, Inna ko sunana ba ta faɗa, a al'ada kawar da kai ya kamata ta yi, ko ma ta taya a zage ni. Amma ranar nan zuciya ta ɗebe ta. Ta ce, "Ki bari sai kin raini naki ya girma, sannan ki koya mini tarbiyya." Hajara ta ce wurin ya yi tsit har ana jin tsotson jaririn. Gwaggo Ladi ta tashi ta nemi takalmanta, ta kasa samun ɗaya, ta tafi da ƙafa ɗaya a ƙasa. Inna ta dawo gida ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ta san abin da ta taɓa. Ita ce ta taya Ladi tara duwatsu a kan kabarin yaron nan a Wadai. Magana zarar bunu ce, kuma a kaina aka zare ta, ni da ban cancanta ba.

Watanni suka wuce ba mai taka ƙofar wata. Aka yi bikin Hajara aka kai ta Jidda, Gwaggo ba ta zo ba, ta dai aiko da tabarma ta hannun wata. Sannan ruwan randa ya yi sanyi. Ran nan Inna ta tashi da wuri ta share tanderu da kanta, gwiwoyinta suna ƙara, don tuni ciwo ya hana ta tafiya mai nisa. Na ga ta zaɓi zabibi ɗaya bayan ɗaya. Na ga ta zubar wa kaji da ƙullun farko don ta ce hannunta ya yi nauyi, alhali fulawa tana wuya a shekarun nan, yaƙin Turawa ya hana jiragen ruwa zuwa. Da na biyu ya fito ta jera a shuɗin kwano, ta rufe da faifai, ta ɗaure da farin ƙyalle. Na fito zan tafi aiki ta tare ni.

"Kai, wannan. Ka biya ta Misfala ka kai wa uwarka."

Na ce, "Inna, da rigar nan? Ba yaron da za a aika?"

Ta ce, "Da yaro ne ya ɓata, da yaro zan aika. Ka durƙusa ka gaishe ta da Hausa. Ka ce in ji ni, zafi ya sauka. Kada ka ƙara komai, ta san sauran."

Na karɓa ina ƙunƙuni. Ban ɗora a ka ba, na rungume shi a gefe na ja ƙyallen kafaɗata na rufe. Hanyar ɗakin Gwaggo ta gaban gidan gahawar nan ta bi. Da akwai wata ta bayan dutse, mai nisa, rana kuma ta fara ɗagawa, sai na ce zan wuce da sauri. Ban kai tsakiya ba wani daga cikin samarin nan, Abbas, ɗan mai shagon yadi, ya ɗaga murya daga kan gadon igiyar da suke zama.

"Ya Takruni! Ina za ka kamar ɓarawon kaza? Me ka ɓoye a hammata?"

Na ce ba komai. Ya ce ba komai ba ya ƙamshin lemo. Suka jawo ni suna dariya, ɗaya ya ce wataƙila tuwon baƙar miyar nan ce ta mutanensa, a toshe hanci. Abbas ya kwance ƙyallen, ya ɗaga faifan, tururi ya tashi. Ya ɗauki ɗaya ya ɓara, ya kai baki, ya lumshe ido ya ce, "Wallahi wannan ba hannun Takari ba ne. A ina ka samo?"

Ga amsa a bakina, gajeriya, ta gaskiya. Uwata ce ta yi, kuma aike ne, ku rufe. Da na faɗi haka da sun ƙyale ni, don duk tsiyarsu sun san girman uwa. Sai na ji bakina yana cewa wurin wani Bashame, mutumin Sham, na saya, mai tanda a kusa da Safa, kuma don su na kawo. Abbas ya buga mini kafaɗa ya kira mai shayi. Na zauna a tsakiyarsu, aka miƙo mini ƙaramin kofi, ina kallo suna yabon Bashamen da babu shi, har kwano ya koma fari. Ni ma na ci ɗaya. Wannan ɗayan ya fi tsaya mini a rai.

Da na tashi sai hankali ya fara dawo mini, amma irin hankalin mai laifi, wanda ke neman marufi. Na san dai ba a maido kwano wofi, kowane ɗan Hausa ya san wannan. Na biya kasuwa na sayi dabino mai kyau na Madina na cika shi, na ɗaure kamar yadda aka ba ni. A raina har ina yaba wa kaina, na ce wa zai ƙi dabinon Madina.

Na tarar da Inna a bakin ƙofa, inda ba ta saba zama ba. Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Ka same ta?" Na ce na same ta. "Ta ci a gabanka?" Na ce ta ce sai an jima. Ta kwance ƙyallen a hankali, ta ɗaga faifan. Ta daɗe tana kallon dabinon. Sai ta sa yatsu ta tona har ƙasa, ta juye shi duka a faifai, ta leƙa cikin kwanon, ta girgiza ƙyallen. Ta ce, "Shi ke nan abin da ta ba ka?" Na ce shi ke nan. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ta biya ni ke nan, kamar baƙuwa. Tana da gaskiya." Ta kira yaran maƙwabta ta raba musu dabinon, ta wanke kwanon ta kife shi a kan rufin ɗaki. A daren ba ta ci tuwo ba.

A wurin na gane na taka wani abu da ban san shi ba, ko da yake ban san mene ne ba. Da na durƙusa a lokacin, da kafin magariba an gyara. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar tawa ce, lafiyarta ƙalau. Amma na ce gobe. Gobe ta zo na ce bari ta huce. Shekara guda cur na yi ina ɗaga ranar. Ina jan baƙi a bayana muna zagaya Ɗakin Allah, ina faɗa musu kalmomin neman gafara suna maimaitawa suna kuka, ni idona a bushe, ina lissafin ta inda zan bi in kauce wa Misfala. Ranar idi na hango su su biyu a harabar Harami, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba, kowacce ta ja mayafi ta dubi gabanta. Inna tana ganin an maido mata da ban haƙurinta. Gwaggo tana ganin an gasa an hana ta.

Sau ɗaya Gwaggo Ladi ta kama ni. Na zo wucewa ni kaɗai, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina goye, ba yadda zan yi. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ɗana, ya gwiwar Innarka?" Na ce da sauƙi. Ta yi kamar za ta tambayi wani abu, ta kalli tirenta, ta gyara zaman wani ƙullin kuka da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, "Ka ce ina gaishe ta." Na ce za ta ji. Ban faɗa ba. Na san in gaisuwar nan ta isa, Inna za ta rarrafa ta je, in ta je kuma za a yi zancen dabino. Na zaɓi fuskata a kan tsofaffi biyu da ba su da kowa a ƙasar nan sai juna.

Da ruwan randa ya sake yin sanyi, Inna ba ta ce a share tanderu ba. Kaza ma ta yi ƙwai a ciki. Jakan Ɗa'ifa suka zo suka wuce. Wata safiya ina ɗaura ƙyallen kafaɗa sai aka yi sallama, wata dattijuwa 'yar Barno, Falmata, wadda ɗakinta ke jikin na Gwaggo. Ta zauna a tabarma ta yi salati, ta ce Ladi ta cika jiya bayan la'asar, an yi mata salla a Harami, maza sun kai ta maƙabartar Ma'ala. Kwana uku kawai ta yi a kwance, ta hana a aiko. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe gwiwarta tana ta innalillahi. Sai Falmata ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli na tsumma ta ajiye a gabanta.

"Ta ce in ba ki hannu da hannu. Kanwarki ce ta bara. Ta ware ta, ta zauna da ita a bakin ƙofa kwana da kwanaki tana jiran kwano, kwano bai zo ba. Ta bana ma tana ciki. Ta ce ko ba ki yi da ita ba, ki yi wa yaran."

Inna ta ce, "Kwano bai zo ba?"

Falmata ta ce, "Ko ƙyallensa ba mu gani ba. Ni da ita muka yi ta zuba ido."

Inna ta kwance ƙullin. Curi biyu ne na kanwa, ɗaya ya ɗan yi gari don daɗewa. Ta juyo ta dube ni a bakin ƙofa, ta kira sunana, cikakke, wanda liman ya raɗa mini. Tun da ta haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Na zube na faɗi komai a gaban baƙuwa, da gidan gahawa, da Bashame, da dabino, da gaisuwar da na haɗiye. Falmata tana ta tafa hannu tana cewa la'ilaha illallahu. Inna ta bari har na gama. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce, "Fitar da ƙwan kazar nan. Ka share tanderu."

Ni ta sa na murza man a fulawa, da farar rigata, tana zaune tana kallo. Na sa ƙarfi, ta ce, "Sassauta." Ta jiƙa kanwar bara, ita ta ce a fara da ita. Da ya gasu ta sa na sauko da shuɗin kwano daga rufi, ta jera, ba ta rufe da ƙyalle ba. Ta ce in ɗora a ka in kai gidan makoki a raba sadaka, kuma ta gaban gidan gahawa zan bi. Na bi. Abbas ya taso yana murna, yana cewa Bashame ya sake gashi. Na ce masa babu wani Bashame, uwata ce, Batakariya, kuma wancan da muka cinye na wata tsohuwa ne da ta mutu jiya tana jiransa. Ya cire hannunsa daga bakin kwanon. Abin da nake tsoro shekara da shekaru bai fi haka ba: ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ji ƙanta, ya koma ya zauna. A ɗakin Gwaggo na tarar da mata a zaune, da tirenta a jingine a bango. Aka karɓi kwanon aka juye. Wata ta rasa abin da za ta saka a ciki, ta maido mini da shi haka nan.

Da yamma na durƙusa a gaban Inna na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana juya kwanon a cinyarta. Ta ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Ni ma ina da nawa kayan, bakina ne ya fara. Amma na Ladi ba a hannuna yake ba. Sai kun haɗu."

Inna ta ƙara 'yan shekaru, ba ta sake gasa curin kaka ba. Ni na ci gaba da yi bayan ta rasu, duk shekara, a ɗakin da na kama a unguwar Mansur, ina rabawa a bakin masallaci da sunan Gwaggo, har hannuna ya daina riƙe wuƙa. Malamai sun ce mini sadaka tana isa, kuma Allah mai gafara ne. Na yarda. Amma sun kuma ce haƙƙin bawa sai bawa ya yafe. Na sha zuwa Ma'ala in tsaya a bakin katanga. Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, duwatsu ne a jere, ban san ko wanne zan fuskanta ba, sai in yi sallama ga duka in dawo.

Ɗazu jikata ta shigo da guda biyu a ƙaramin faranti, da shayi. Ta ce in ci tun da zafi. Na ce gashin farko ne? Ta ce e. Na ce to ba a cin na farko a gida, ta zuba a kwano ta kai wa matar nan 'yar Chadi da ke zaune ita kaɗai a hawa na ƙasa. Ta ce ba ta ma san sunanta ba, kuma za ta ji kunya. Na ce na san kunyar nan, na girme ta a cikinta. Na sa ta miƙo mini sandata muka sauka tare, tana riƙe da kwano ina riƙe da bango, har na ga ƙofar ta buɗe, na ga an karɓa da idona. Hawowar ta ba ni wuya ƙwarai. Yanzu ina zaune ina maida numfashi. Saura nawa aiken, na Gwaggo Ladi, kuma ba na jin ranar kai shi ta yi nisa.